Ido Ba Shi da Safaya

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, tsohon ma'aikacin jinya a sashen kula da ido, ya gabatar a wurin taronmu na shekara-shekara a babban ɗakin taro na makaranta.





Lokacin da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabi a bana, na daɗe ina tunanin abin da zan faɗa a gaban mutanen da suka koya mini riƙe alƙalami. Daga baya na ga babu abin da ya fi dacewa sai in yi magana a kan abin da na sani. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin jinya a sashen ido. Na wanke idanu, na ɗaure idanu, na kuma tsaya kusa da likita sau da yawa yana gaya wa magidanci cewa wannan idon ya riga ya tafi. Saboda haka zan yi magana a kan raunin ido a wurin sana'a, da kuma ɗan abin da ke hana shi, wato tabarau na kariya.

Bari in fara da ɗakin aikin ƙarfe da ke can bayan ɗakunan kwana. 'Yan ajinmu za su tuna da malaminmu na wannan darasi, Allah Ya jiƙansa. Tabarau uku kacal ke ɗakin, an rataye su a ƙusa kusa da injin wasa ƙarfe, kuma duk wanda ya kunna injin ba tare da ya sa ɗaya ba, ranar sai ya yi noman ciyawa har la'asar. Ni kaina na sha wannan horo sau biyu. A lokacin muna ganin tsanani ne kawai irin na malamai. Sai da na fara aiki a asibiti na gane abin da bawan Allahn nan yake tsare mu daga gare shi.

Akwai wani yaro da ba zan manta da shi ba. Shekarunsa ba su wuce goma sha bakwai ba, yana koyon kanikanci a wani gareji. Maigidansa ya ce ya cire wani ƙarfe da ya cije, sai ya ɗauki guduma da kurfi yana duka. Ya ji wani abu ya taɓa masa ido kamar ƙwaro, ya murza, ya ci gaba da aiki. Ba jini, ba wani zafi mai yawa. Sai bayan kwana huɗu aka kawo mana shi, ido ya kumbura ya cika da mugunya. Da aka ɗauki hoto, sai ga ɗan ɓallin ƙarfe wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya huda ya shige can cikin ƙwayar idon. An yi iyakar ƙoƙari, amma idon bai dawo ba. Maigidan nasa mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin magani duka, yana hawaye. Abin da ya kashe a mako guda ya isa ya saya wa duk yaran garejin tabarau har su yi saura.

Ido abu ne mai rauni ƙwarai. Wannan tantani mai kama da gilashi da ke gaban baƙin ido, kaurinsa kusan rabin milimita ne. Ƙaramin injin yanka da goge ƙarfe na hannu, wanda kuke gani a wurin kowane mai walda, yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti ɗaya. Abin da ya fallatso daga bakinsa yakan isa ido kafin mutum ya ƙifta. Fatar hannu in ta yanke takan haɗe, tabon kuma ba ya hana ta aiki. Amma tabo a gaban ido shi ne hakiya, in kuwa ta zauna a tsakiya, gani ya ragu ke nan. Kanikawan da ke cikinmu sun san kowane ƙarfe na mota yana da safaya a kasuwa. Ido ba shi da ita.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Wani nazari da masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka wallafa a 1998 ya ƙiyasta cewa a kowace shekara ana samun raunin ido kimanin miliyan 55 a duniya, irin wanda ke hana mutum harkokinsa fiye da kwana ɗaya. Nazarin ya ce mutum kusan miliyan 1.6 sun makance gaba ɗaya saboda rauni, wasu kimanin miliyan 19 kuma sun rasa ganin ido ɗaya ko ya ragu sosai. Likitocin ido a Amurka sun daɗe suna cewa kusan tara cikin goma na irin waɗannan raunuka da an kauce musu in da an sa kariyar da ta dace. Abin da na gani da idona a wurin aiki bai saɓa wa wannan magana ba.

To, ina haɗarin yake? Zan kawo wurare huɗu.

Na farko shi ne abin da ke fallatsa: tartsatsin ƙarfe, ɓallin dutse, ƙusa da ta kuɓuce wa guduma, ɓurɓushin katako. Wannan ya shafi mai walda, da bakanike, da kafinta, da maƙeri, da mai fasa dutse, da mai sassaƙa turmi. Ɗan ƙarfen da ya maƙale a gaban ido yakan fara tsatsa cikin 'yan awoyi, sai ya bar zobe ja wanda dole sai an kankare shi a asibiti. Mafi muni shi ne dukan ƙarfe da ƙarfe, kamar na yaron da na ba ku labari, domin ɓallin yana da kaifi da gudu, yakan shige ciki ba tare da mutum ya ji ciwo sosai ba. Duk wanda yake dukan ƙarfe da guduma ya ji wani abu ya taɓa masa ido, to ya je a duba shi a ranar, ko da yana gani garau.

Na biyu shi ne hasken walda. A cikin wannan haske akwai wani nau'i da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin hasken rana, amma mai ƙarfi ƙwarai. Yana ƙona tantanin gaban ido kamar yadda rana ke ƙona fata. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu. Shi ya sa mai walda zai tashi aiki lafiya lau, tsakar dare kuma ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Yawanci yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ne ma ya sa ake raina shi. Kuma ba mai riƙe da walda kaɗai yake kamawa ba. Yaron da ke riƙe masa ƙarfe, da mai shagon da ke maƙwabtaka, da yaran unguwa da ke tsaye suna kallo, duk yana iya samunsu. Baƙin tabarau na kwalliya da ake sayarwa a bakin titi ba kariyar walda ba ne. Waldar lantarki tana buƙatar garkuwar fuska mai gilashi na musamman, wanda lambar duhunsa take tsakanin 10 da 13 gwargwadon ƙarfin wutar. Dabarar nan ta rufe ido ko kau da kai daidai lokacin da wuta ta kama, ba dabara ba ce. In da tana aiki, da ba mu riƙa ganinsu da asuba a bakin asibiti ba.

Na uku shi ne ruwan sinadari da garinsa. Kowa na tsoron ruwan batir, kuma ya cancanci a ji tsoronsa. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne siminti da farar ƙasa da sodar yin sabulu sun fi shi ɓarna a ido. Ruwan batir yakan ƙona sama ya daskarar da naman wurin, wannan kan rage masa shiga ciki. Su kuwa waɗannan narkar da nama suke yi, su ci gaba da nutsawa muddin ba a wanke su ba. Birkila mai yaɓe a sama, da leburan da ke juye buhun siminti, da mai shafa farar ƙasa, duk suna cikin wannan haɗari. Haka nan matanmu da 'ya'yanmu mata da suka koyi haɗa sabulun ruwa da man wanke-wanke a gida. Sana'a ce mai kyau, amma na ga wadda soda ta fallatsar mata a fuska tana cikin damawa, da ɗanta goye a baya.

Na huɗu shi ne gona, kuma nan ne aka fi mantawa. Lokacin girbi da sussuka da shiƙa, asibitin ido yakan cika da manoma. Ganyen dawa ko tsinin kara ya karci ido, ko ƙaiƙayi ya faɗa ciki. Karcewar ƙarama ce, amma tsiro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, musamman irin na funfuna, masu haddasa gyambo a gaban ido wanda ke da wuyar magani. Injin casa na zamani kuma yana watso tsakuwa da ƙwaya da ƙarfi. Ga kuma feshin maganin ƙwari da na ciyawa, wanda sau da yawa ake ba yaro ya goya a baya ya shiga gona, iska na maido masa da shi a fuska.

Na san uzurin da ake kawowa, domin na sha jin su. Wani ya ce tabarau yana sa shi gumi, yana yin hazo. Wani ya ce ba ya gani sosai da shi. Wani ya ce aikin na minti ɗaya ne. Wani kuma ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a ba abin da ya same shi. Na farko da na biyu suna da gaskiya a wani ɓangare: tabarau da ya karce ya dusashe ba ya amfani, sai a sake shi, kuma akwai masu ƙananan kafofi a gefe don iska ta shiga. Amma na uku da na huɗu su ne suka fi cika mana layi. Yawancin waɗanda na wanke wa ido ba a babban aiki suka ji ciwo ba, a ɗan ƙarashen aiki ne, bayan an cire tabarau an ɗora a goshi. Kuma ba sababbin hannu kaɗai ba ne, har da gwanaye. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Injin da ka saba da shi, shi kake rainawa.

Akwai kuma mai cewa abin da zai samu mutum sai ya same shi. Wannan gaskiya ce, babu mai musunta ta. Amma mai faɗin haka yana kulle shagonsa da kwaɗo in dare ya yi, yana kuma duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi. Ban ga dalilin da zai sa a tsare kaya a bar ido ba.

Wane irin tabarau ake nufi? Ba na karatu ba, ba na rana ba. Gilashin tabarau na karatu yana iya fashewa ya ƙara wa ido rauni. Na kariya ana yin sa da wata roba mai tauri wadda ba ta tarwatsewa, yana kuma da shinge a gefe, domin tartsatsi ba daga gaba kaɗai yake zuwa ba. In za ku saya, ku duba jikin sandarsa ko gefen gilashin. Waɗanda aka yi bisa ma'aunin Amurka suna ɗauke da alamar Z87, na Turai kuma da yawa za ku ga an rubuta EN 166. Mai aiki da sinadari ko ƙura yana buƙatar irin wanda ke manne wa fuska ta ko'ina da igiyar roba. Mai yankan ƙarfe da inji ya fi kyau ya haɗa tabarau da garkuwar fuska, domin faifan yankan kansa yakan fashe. Mai walda kuma ya sa farin tabarau a ƙarƙashin garkuwarsa, saboda lokacin da ya ɗaga ta don ya ɓamɓare dattin walda, a nan ne ɓalli ke shiga. Na yau da kullum kuɗinsa bai kai na kaza ɗaya ba.

In kuma tsautsayi ya riga ya auku, abin da aka yi a mintocin farko shi ke raba mai warkewa da mai makancewa. Ina roƙon ku riƙe waɗannan.

In sinadari ne, ko siminti, ko farar ƙasa, to ruwa, nan take. Kada a tsaya neman mota ko neman wani magani. A buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, na famfo ko na leda ko na buta, har minti ashirin zuwa talatin, sa'an nan a tafi asibiti, a kuma tafi da kwalbar ko buhun abin da ya zuba.

In ƙura ce ko ƙaiƙayi, kada a murza. A wanke da ruwa. In bai fita ba, ko ciwo ya kwana, sai asibiti. Kada a yarda wani ya sa tsinke ko bakin allura ko harshe don ya ciro.

In kuwa wani abu ya soki idon ko ya fasa shi, to kada a wanke, kada a danna, kada a ciro abin da ya maƙale. A yanke gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne, a tafi. Kada a ba shi abinci a hanya, domin wataƙila a yi masa aiki.

Sa'an nan abin da ya fi ba ni baƙin ciki a shekarun aikina: abin da ake zuba wa ido a gida. Na ga nonon mace, na ga ruwan sukari, na ga ruwan albasa, da tozali, da saiwoyi iri-iri, har da fitsari. Sau da yawa raunin farko mai sauƙi ne, abin da aka zuba shi ya kashe idon. Haka nan maganin ɗigawa da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Akwai irin wanda ke kwantar da ja da zafi nan da nan, amma in akwai gyambo sai ya ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma na kashe zafi da wasu masu walda ke ajiyewa a aljihu, wanda yawan ɗiga shi ke hana tantanin ido warkewa. Muna da wuraren zuwa. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943, akwai kuma sassan ido a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi.

Wani zai ce ai ido biyu ne, in ɗaya ya tafi akwai ɗaya. Mai ido ɗaya yana rasa iya auna nisan abu daidai, gefe guda kuma ya rufe masa, wannan kuwa babbar matsala ce ga direba da mai aiki da inji. Bayan haka, rauni a ido ɗaya yana iya jawo wa ɗayan ciwo. Malamanmu sun san labarin Luwi Burel, mutumin Faransa da ya ƙirƙiro rubutun makafi. An haife shi a 1809, mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya shiga shagon uban yana wasa da abin huda fata, ya soki ido ɗaya. Ciwo ya kama ɗayan, kafin ya wuce shekara biyar ya makance gaba ɗaya. Duniya ta amfana da shi, amma ku lura da inda abin ya faru: a shagon mahaifinsa, da kayan aikin mahaifinsa.

Wannan ya kawo ni kan ainihin abin da na zo faɗa. 'Yan'uwa, da muka bar makarantar nan yara ne mu. Yau in na duba ɗakin nan ina ganin 'yan kwangila, da injiniyoyi, da masu gareji, da masu manyan gonaki, da shugabannin makarantu, da masu unguwanni. Yawancinmu mun daina riƙe guduma da kanmu. Amma kowannenmu yana da wanda ke riƙe ta a madadinsa: yaron shago, ko lebura, ko ɗan da muka kai koyon sana'a. Yaron da ke koyon aiki ba shi da bakin da zai ce wa maigida a saya masa tabarau. Kuma ba zai sa ba muddin yana ganin maigidan ba ya sawa, don kada a ce masa matsoraci. Abin da babba ya yi shi yaro ke ɗauka sana'a.

Doka ma ta ɗora nauyin a kanmu. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai ma'aikata ya tanadi kariyar ido ga masu ayyuka irin su walda da wasa ƙarfe, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Amma mun san jami'in duba ma'aikatu ba zai kai ga kowace rumfar walda da kowace gona ba, kuma babu diyyar da ke maido da gani. Wanda zai kai can, mu ne.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na ɗaya, duk mai yara a ƙarƙashinsa ya saya musu tabarau a cikin wannan wata, ya kafa doka cewa ba a kunna inji sai da shi, shi ma ya sa in ya shiga wurin. Ya kuma ajiye jarkar ruwa mai tsabta a inda ake aiki da siminti ko batir ko soda. Na biyu, duk wanda zai kai ɗansa ko ƙaninsa koyon sana'a, ya haɗa masa da tabarau a cikin kayan da zai tafi da su, ya kuma yi wa maigidan magana. Na uku, ga shugabannin ƙungiya. Da safen nan na leƙa ɗakin aikin ƙarfe da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ƙusoshin nan uku suna nan a bango, amma ba komai a kansu. Mun yi wa makarantar nan fenti, mun gyara rijiya, Allah Ya saka wa kowa. Ina ba da shawara a cikin kuɗin da za mu tara yau a ware abin da zai sayi tabarau ga kowane ɗalibi da ke shiga waɗannan ɗakuna biyu. Ni na ɗauki nauyin guda ashirin na farko, na kuma yi alkawarin zuwa in nuna wa ɗalibai yadda ake wanke ido, duk ranar da shugaban makaranta ya ga ta dace.

Iyayenmu malamai, kun hore mu a kan abin da ba mu gane ba a lokacin, ga shi yau muna gani da idanunmu biyu. Mun gode. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta musu. Shugaban taro, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni, a yi mini afuwa. Allah Ya tsare mana ganinmu da na 'ya'yanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.